Wasannin kwamfuta na da: wanda ya sayi faifai da kuɗinsa bai cancanci a kulle masa ƙofa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan tsofaffin wasannin kwamfuta da aka sayar mana a kan faifan CD da DVD, waɗanda a yau da yawansu ba sa tashi ko da faifan yana hannun mai shi.

A watan jiya na buɗe wani kwali da na ajiye tun ina makaranta, na tarar da faifan wasan tseren motoci da na saya da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Zafi da ƙurar hunturu sun yi masa aiki, domin gefensa ya fara ɓarewa, idan aka ɗaga shi wajen haske ana ganin ƙananan huji a jikin azurfarsa. Kwamfutar da nake amfani da ita, irin ta hannu da ake kawo mana daga Turai, ba ta ma da wurin saka faifai. Sai da na ari na'urar karanta faifai mai jona USB a wurin wani abokina mai gyara, na goge faifan da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, sannan ya karantu a karo na uku. Nan take na kwashe duk abin da ke cikinsa zuwa fayil guda, domin na san ba lallai ne ya sake ba ni wannan dama ba.

Wannan fayil shi ne ake kira ISO, wato kwafin faifan kacokan, wanda bai wuce megabait 700 ba idan CD ne, ko gigabait 4.7 idan DVD ne mai shimfiɗa ɗaya. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, danna shi sau biyu ya isa kwamfuta ta ɗauke shi kamar an saka faifai na gaske. Sai dai wasannin da kiɗansu ke kan faifan a matsayin waƙoƙin CD, kamar da yawa daga cikin na shekarun 1990, ISO ba ya kwaso kiɗan, don haka a nan sai a yi kwafi da tsarin BIN da CUE, in ba haka ba wasa zai tashi amma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.

Inda gizo ke saƙar shi ne makullin da kamfanoni suka sa wa faifai domin hana satar fasaha. SafeDisc na kamfanin Macrovision da SecuROM na Sony su ne suka fi yaɗuwa, kuma dabararsu ita ce a bar wata alama a jikin faifan wadda kwafi na yau da kullum ba ya ɗaukowa, sai wasan ya laluɓo ta duk lokacin da za a kunna shi. Manhajoji irin su Daemon Tools da Alcohol 120% an san su da iya kwaikwayon waɗannan alamomi. Amma a 2015 Windows 10 ta zo ba tare da goyon bayan direban (ƙaramin shirin kwamfuta) da SafeDisc ke dogaro da shi ba, wato secdrv.sys, saboda ramukan tsaro da aka gano a cikinsa, kuma a watan Satumba na shekarar aka kashe shi a Windows 7 da 8 ma. Sakamakon haka wasanni irin su The Sims na farko da Grand Theft Auto III da Flight Simulator 2004 suka daina tashi daga faifansu na asali. Ɓarawon da ya kwafe wasan tun shekaru ashirin da suka wuce ya daɗe da cire makullin, wanda ya biya kuɗi kuwa shi ne aka bari a waje.

Wannan ne ke tura matasa neman fayil ɗin da aka fasa makullinsa a shafukan da ba a san masu su ba, kuma a nan nake jan kunne. Ƙanena ya sauko da irin wannan fayil daga wani shafi, ya kashe manhajar tsaro domin shafin ya ce ya yi haka, kafin kwana biyu kwamfutarsa ta cika da tallace-tallace tana zafi kamar dutsen guga, sai da aka goge komai har da takardun karatunsa. Ban da haɗarin, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta yi tanadi a kan tsallake irin waɗannan makullai, saboda haka ba abu ne da za a shiga da ka ba.

Akwai hanyoyi masu tsabta. Kamfanin GOG na ƙasar Poland, wanda ya fara aiki a 2008, yana sayar da tsofaffin wasanni da aka gyara su yi aiki a sababbin kwamfutoci ba tare da makulli ba, kodayake biya da dala ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai karɓar albashi da naira. Wasannin zamanin DOS kuma, wato tsarin kwamfuta da aka yi amfani da shi kafin Windows, manhajar DOSBox na tashinsu kyauta. Wanda yake da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP kada ya yar da ita, ya ajiye ta don wasa kawai, amma kada ya jona ta da intanet tunda an daina yi mata gyaran tsaro tun 2014.

Abin da ya fi dacewa shi ne abin da kamfanin wasanni na Blizzard ya yi a 2008, lokacin da ya fitar da gyara ga Diablo II da StarCraft wanda ya cire buƙatar saka faifai, ya bar masu saye su ci gaba da wasansu. Ban ga asarar da kamfani zai yi ba idan ya saki wasan da ya daina sayarwa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Saboda haka ina kira ga masu gyaran kwamfuta a kasuwanninmu da su riƙa ajiye na'urar karanta faifai ko guda ɗaya a shago, su taimaka wa mutane kwafe faifan da suka saya tun yana karantuwa, kuma su faɗa musu gaskiya idan wasan yana da makullin da kwafi ba zai buɗe ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.