Wasiƙa Daga Nima Kan Aikin Tukunyar Oksijin

Nima, Accra.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gida, ina sanyin Kano? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maiɗakina tana gaishe da taka.

Saƙonka ya iso. Na ji yaronmu ya ajiye walda, zai shiga koyon gyaran ƙananan jirage, kuma kana so in ba shi shawara tunda sana'ata ce a nan filin jirgin Accra. Wallahi na yi murna, Allah ya sa albarka. Sai dai inda ka ce ai ya riga ya saba da tukunyar oksijin tun yana yaron shago, nan ne hankalina ya ƙi kwanciya. Sabon nan shi nake ji masa tsoro.

Ka tuna garejojin da muka taso ciki a Kumasi: a mirgino tukunya a ƙasa, a murɗa kanta da hannun da ya sha giris, a ci gaba da hira. A wurinmu wanda ya yi haka ba zai kai la'asar a bakin aiki ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, ta cikin tukunyar jirgi kuwa, wadda matuƙi ke shaƙa a sama, kashi 99.5 ce, an matse ta har wajen psi 1,800 (psi ma'aunin matsin iska ne). Ita kanta ba ta ci da wuta, amma in ta haɗu da ɗigon baƙin mai ko giris a wannan matsi, sai wuta ta tashi ba tare da an ƙyasta ashana ba. Har man kaɗanya da basilin da muke shafa wa leɓe da hannu in hunturu ya kama, duk suna cikin lissafi. Ni kafin in taɓa tiyo sai na wanke hannu har gwiwa, na sauya riga. Sufanun aikin oksijin akwatinsu daban, ba na ba kowa aro ko da maigidana ne. In muna neman inda iska ke yoyo, akwai ruwan gwaji na musamman. Kumfar sabulun wanki ba ta zuwa kusa, don da mai ake yin sabulu.

Sai cikawar kanta, wadda duk haƙuri ce. Manyan tukwane ne jere a kan kura. Da mai ƙaramin matsi ake farawa, in ta yi daidai da ta jirgin a rufe ta a koma ta gaba. Bawul kuma a hankali ake buɗe shi, kamar mai tsiyaya fura kada ta zube. In aka buɗe da ƙarfi, iskar za ta danno ta matse a ƙarshen tiyo, zafi ya tashi nan take, daga nan gobara ke farawa. Nakan ɗora tafin hannuna a jikin tukunyar, ido a kan agogon matsi. Da na ji ta ɗau ɗumi sai in dakata. Abin da agogo ya nuna da tsakar rana ba shi zai nuna da asuba ba, shi ya sa muke da jadawalin zafi da matsi manne a jikin kurar. A lokacin ba a zuba wa jirgi mai, ba a kunna masa lantarki, an kuma ɗaure shi da wayar ƙasa don kada tartsatsi ya tashi. Matuƙi mai gaggawa zai tsaya a kanka yana duba agogon hannunsa. Ka gaya wa yaron ya ba shi haƙuri da ladabi, amma kada ya ƙara gudun iska.

Ya kuma koyi karanta tambarin wuyan tukunya. Mai lamba 3AA duk shekara 5 ake gwada ta da matsin ruwa, 3HT duk shekara 3, in ta cika 24 kuwa an gama da ita. Ba a barin tukunya ta sauka ƙasa da psi 50, don kada iskar waje ta shiga. Ka san laimar bakin tekun nan, tsatsa ba ta jira. Danshin kuma can sama ƙanƙara yake zama ya toshe hanya. A 2008 tukunya ɗaya ta fashe a jirgin Qantas ƙirar Boeing 747, ta huda jikinsa, dole ya sauka a Manila. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Abin da ke sa ni tsayawa a kan aikin nan shi ne mutumin da zai sa takunkumin shaƙar oksijin ɗin. A ƙa'idar Amurka, matuƙin da ya wuce ƙafa 12,500 a sama fiye da minti 30 dole ya shaƙi oksijin. A ƙafa 25,000, in ba a shaƙi na tukunya ba, minti 3 zuwa 5 ne hankali ya gushe, kuma ba ciwo yake ji ba, wani ma nishaɗi zai ji har ya suma. Ba shi da yadda zai duba abin da muka zuba masa, amana ce kawai.

Ka ba shi lambata ya kira ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, in ji irin tukwanen da suke aiki da su. Ka gaishe min da Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Wassalam,
Amininka na Nima.