Maganar mai taya

Salamu alaikum mutumina,

Wata huɗu ko gaisuwa babu, ko sanyin Bronx ɗinku na New York ne ya daskarar maka da yatsu? Ya iyali, ya aiki? Mu nan Aboabo a Kumasi lafiya lau sai zafi.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto maganar abokinmu mai sayar da taya ce. Tun kafin azumi na tura masa sidi 4,000 ta MoMo, wato kuɗin waya, wai zai ɗauko kaya a Suame Magazine, kasuwar kayan mota, sati uku ya mayar, to ga shi har an ci naman layya an gama, yanzu in ya hango ni a ƙofar masallaci sai ya canza hanya. Wallahi abin na ci min rai, mutumin da muka yi makarantar allo tare fa.

Da dare in barci ya ƙi zuwa sai in kama kallon Judge Judy a waya, matar nan da ta yi alƙalanci a kotun iyali a Manhattan can wajenku, shekara 25 tana shirin, daga 1996 zuwa 2021. Rigimar kusan kullum irin tawa ce, wannan ya ce rance ne wancan ya ce kyauta ce, ita kuma ta ce ina takarda, ina shaida, kafin ka ankara ta yanke. Sai daga baya na gane ashe ba kotun gwamnati ba ce, sasanci ne da ɓangarorin biyu suka sa hannu a kai, kuɗin ba ya wuce dala 5,000, kuma masu shirin ne ke biya, ba wanda aka kayar ba. To ni nan wa zai biya min?

Af, ka ji autan gidanku na baya ya yi aure? Yaron da muke aika sayen waakye! Har da kujeru aka tare titi.

Maman yara ta dage in kai mai tayan kotu, ni kuma Hajiyarsa nake jin kunya, tuwonta nawa muka ci ni da kai. Na fi so in fara da liman, in ya ƙi mu je fadar Sarkin Zongo. Saƙon MoMo ɗin yana nan ban goge ba, da muryar da ya turo a WhatsApp da bakinsa yana cewa rance.

Kai yana jin nauyinka. Don Allah ka kira shi kafin Juma'a, kar ka ce ni na sa ka.

Ka gaida madam da yara.

Naka na Aboabo