Wai gem na koya wa yara karatu? A duba binciken sosai

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan musun nan da ake ta yi, wasu na cewa gem ɗin waya da kwamfuta ɓata yara kawai yake, wasu kuma na cewa ai turawa sun yi bincike sun gano yana koyar da karatu, magana ta ƙare.

Binciken kam an yi. Tun 2003 wani masanin harshe a Amurka, James Paul Gee, ya fitar da littafi ya lissafa hanyoyin koyo 36 da ya ce suna cikin gem mai kyau, yaro ya faɗi ya sake gwadawa ba mai yi masa dariya, kuma bayani na zuwa masa ne daidai lokacin da yake buƙata. A Suwidin ma a 2012 Pia Sundqvist da Liss Kerstin Sylvén sun gwada yara 'yan shekara 11 zuwa 12, waɗanda ke buga gem awa 5 ko fiye a sati suka fi sauran sanin kalmomin turanci. To amma fa nan ne mutane ke saurin yanke hukunci, don wannan bai nuna wanne ya riga wani ba, ƙila yaron da dama turancinsa ya yi ƙwari shi ya fi jure zama kan gem ɗin.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Japan a 2010, Jonathan deHaan da abokan aikinsa suka raba ɗaliban jami'a 80 bibbiyu, ɗaya na buga gem ɗin kiɗa na minti 20 ɗayan na kallo kawai, da aka zo tambayar kalmomin turanci da ke cikin gem ɗin sai ga 'yan kallo sun fi masu bugawa riƙewa nesa ba kusa ba! Mai bugawa hankalinsa duk ya tafi kan danne-danne, ina zai ji kalma?

Shi ya sa ni dai na fi yarda da Constance Steinkuehler, wata mai bincike a Amurka, ita ta bibiyi 'yan World of Warcraft, wani gem na intanet da mutane da yawa ke bugawa tare, ta ga karatun ba a cikin gem ɗin yake ba, a waje yake, yaro na neman yadda zai wuce wani mataki sai ya zauna ya karanta dogon bayani mai wuya wanda a aji ko da bulala ba zai karanta ba, ya yi musu da abokai a rubuce, ya kawo hujja. Wanda kuwa tsere da mota kawai yake har asuba, gaskiya ban ga me zai tsinta ba sai jan ido.

Roƙona ga malaman jami'o'inmu, yawancin binciken nan kan turanci ne. A Finlan an ƙirƙiri wani gem mai suna GraphoGame don koya wa yara sautin haruffa, har an gwada shi a makarantun Zambiya da harshen Nyanja, me zai hana a gwada irinsa da Hausa?

Naku,
Mai bibiyar jaridarku