Wasiƙa zuwa ga ƙawata a Landan kan batun dada

Assalamu alaikum, ƙawata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya kuma sanyin Landan? Saƙonki ya iso, inda kika ce kina so ki mayar da gashinki dada amma rilaksa, man miƙar da gashin nan da kika daɗe kina sawa, ta sa kina ɗari-ɗari, shi ne na ga gara in rubuto miki a tsanake.

Shakkarki tana kan hanya. Sinadarin da ke cikin rilaksa, ko sodiyam haidiroksaid ne ko kuwa na kalsiyam da ake cewa ya fi sauƙi a fata, tsinka abin da ke riƙe da murɗin gashi yake yi, kuma silin da ya miƙe ba zai sake murɗewa ba har ya bar kai. Ita kuwa dada wannan murɗin take buƙata, domin da shi sili yake kama ɗan'uwansa su cukuikuye. Shi ya sa idan aka naɗe miki shi da mataji, kamar yadda ake yi wa mai gashin asali, wankin farko zai warware aikin gaba ɗaya.

Matakin farko shi ne ki daina sa rilaksa tun yau. Gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata, saboda haka cikin wata 6 za ki samu sabon tsiron da za a iya kamawa. Sai dai ki kula da mahaɗar sabon da tsohon, domin nan ne ya fi rauni, kuma daga nan yake karyewa idan aka taje shi a bushe ko aka ja shi da ƙarfi.

Idan ba za ki iya rabuwa da tsawon ba, a yi miki kalaba ƙanana, a riƙa zura bakin kowace ta gindinta yayin da sabon gashi ke fitowa, sannan a riƙa datse bakin mai rilaksa kaɗan-kaɗan, tunda shi zai daɗe yana reto siriri bai dunƙule ba. Masu salun za su yi miki tayin kwarashi, wanda ke haɗa dada a zama ɗaya, amma a hannun wadda ba ta ƙware ba tsinken yana yaga gashin da dama ya raunana. Ni dai da za ki ji tawa, ki jira wata shidan nan ki yanke mai rilaksar duka, tunda kanki a rufe yake yawanci, ba wanda zai san gajere ne.

Ki guji kakin zuma da basilin, domin suna maƙalewa a ciki su tara datti. Man kwakwa kaɗan a fatar kai ya isa. Kada kuma ki ɗaura ɗankwali ko ki sa hijabi a kan dada mai lema, musamman a garin da rana ba ta cika fitowa ba, domin cikinta zai yi funfuna ya fara wari. Kada ki yarda a matse gashin gaba, wanda in ya zube da wuya ya dawo.

Kan wankan tsarki da kika tambaya, hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna mace ba sai ta tsefe kitsonta don wankan janaba ba, kuma malamai sun ce sharaɗin shi ne ruwa ya kai gindin gashi, saboda haka kada a cushe dadar har ruwa ya kasa shiga. Ki kuma sanar da Hajiya kafin ki fara, kin san yadda ake kallon dada a gida, kuma tsifarta ba irin ta kitso ba ce.

Ki gaishe da maigidan da yara. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Taki har kullum,
ƙawarki daga Kaduna.