Aikin uwar garke a musayar fayil tsakanin kwamfutoci

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda kwamfutoci suke musayar fayil kai tsaye a tsakaninsu. Sau da yawa akan ce wannan tsari ba ya buƙatar uwar garke (wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci suke tuntuɓa ta intanet domin ta yi musu hidima) ko kaɗan, alhali kuwa tana nan daram, aikinta ne kawai ya sauya. Ba ita take ajiye fayil ba. Aikinta irin na dillali ne, wanda yake haɗa mai nema da mai kaya ba tare da kayan sun biyo ta hannunsa ba.

Manhajar Napster, wadda Shawn Fanning ya ƙirƙira a 1999, ita ta fara yaɗa wannan salo. Uwar garkenta tana riƙe da jerin fayilolin da suke cikin kwamfutar kowane mai amfani, idan mutum ya nemi wani abu sai ta nuna masa wanda yake da shi, saukewar kuma ta gudana tsakaninsu su biyu. Da yake jerin a wuri guda yake, umarnin kotu a Amurka ya isa ya tsayar da komai a 2001. Gnutella, wadda ta fito a 2000, ta yi ƙoƙarin kauce wa haka ta hanyar miƙa tambaya daga maƙwabci zuwa maƙwabci, sai dai cunkoson tambayoyin ya riƙa shaƙe hanya.

A ganina, BitTorrent da Bram Cohen ya fitar a 2001 ita ta fi daidaita lamarin, domin ta rage wa uwar garke nauyi matuƙa. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da lambar shaidarta da ake lissafowa daga abin da ta ƙunsa, kuma ana rubuta waɗannan lambobi a wani ƙaramin fayil tare da adireshin uwar garken da ake kira tiraka. Kwamfutar da ta shigo takan sanar da tiraka adireshinta da fayil ɗin da take so, ita kuma ta ba ta adiresoshin wasu da suke musayar wannan fayil, yawanci kimanin 50. Daga nan ba ruwan tiraka da cinikin, illa dai kowace kwamfuta takan dawo lokaci-lokaci ta shaida mata cewa tana nan. Kwamfutocin da kansu suke gaya wa juna gunduwoyin da suke da su, suna fara neman wadda ta fi ƙaranci domin kada ta ɓace idan mai ita ya fita, kuma suna fifita wanda yake tura musu a kan wanda karɓa kawai ya sani. Gunduwar da ba ta dace da lambar shaidarta ba zubar da ita ake yi, saboda haka ba sai an amince da baƙon da ya turo ta ba.

Daga 2005 manhajojin BitTorrent suka fara rarraba rajistar adiresoshin a tsakanin kwamfutocin su kansu, bisa tsarin Kademlia da aka wallafa a 2002, ta yadda kowace take riƙe da ɗan yanki. Duk da haka, sabuwar kwamfutar da ba ta san kowa ba tana buƙatar wani sanannen adireshi da za ta fara tuntuɓa, kuma galibi uwar garke ce take tsaye a wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu amfani da wannan fasaha ba su cika lura da cewa adireshinsu na intanet a bayyane yake ba, ga tiraka da kuma duk wanda ya shiga musayar fayil ɗaya da su. Fasahar tana da amfani na halal ƙwarai, domin da ita ake rarraba manhajar Linux da kuma tarin littattafai da faifai na Internet Archive, wani ɗakin karatu na intanet. Amma ya kamata wanda zai kunna ta ya san cewa yayin da yake saukewa yana kuma turawa wasu, kuma ana ganinsa.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku.