Sanyaya kayan lantarkin jirgin sama ba wasa ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili, mutane da yawa suna ɗauka wai tunda can sama sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili ai kwamfutoci da radar jirgi ba za su yi zafi ba. Ba haka abin yake ba wallahi. A tsayin mita dubu 11 kaurin iska bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙasa ba, iska mara kauri kuwa ba ta kwashe zafi sosai.

Shi ya sa injiniya ke tsara na'urar musayar zafi, faranta ne na alminiyom da sirararan fallayen ƙarfe masu kama da fikafikai a tsakani, ruwan sanyaya yana bi ta gefe ɗaya iskar waje ta ɗayan, ba sa haɗuwa amma zafin yana tsallakawa. To a nan rigimar take, ka matse fikafikan zafi ya fita da kyau amma iska ta sha wuyar wucewa, ka faɗaɗa mashigar iska jirgi ya ƙara shan mai, ga nauyi kuma. Wasu jiragen yaƙi ma cikin man jirgin suke juye zafin.

Mafi wuya shi ne jirgi yana tsaye a ƙasa da rana tsaka, tunda ba ya tafiya balle iska ta shigo da kanta, dole sai fanka. Ɗalibanmu na injiniyanci su fara lissafi daga nan.

Naku,
Mai karatu