Amsa ga Baban da ya tambaye ni ko da mudu muke auna tunanin mutane

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaisuwa, da fatan ka koma gida lafiya ranar nan. A taron wayar da kai kan hawan jini da aka yi a unguwarku cikin birnin Zariya, bayan na gama bayani ka miƙe ka ce: "'Yata, kin ce kuna auna alaƙar abin da mutum ya yarda da shi game da lafiyarsa da yadda yake motsa jiki. Da mudu kuke aunawa ko da sikeli? In kun auna kuma, wa ya taɓa tashi daga kan tabarma saboda takardarku?" Kafin in buɗe baki aka kira la'asar, taro ya watse. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, nan ya dace in amsa.

Ana aunawa, Baba, da tambayoyi. Asalin abin daga Amurka ne a shekarun 1950, lokacin da hukumar lafiyarsu ta riƙa kai motocin ɗaukar hoton ƙirji unguwa-unguwa kyauta don gano tarin fuka, amma mutane da yawa suka ƙi fitowa. Masana irin su Godfrey Hochbaum da Irwin Rosenstock suka bi sawu, suka ga akwai abubuwan da mutum yake juyawa a ransa kafin ya motsa: shin cutar nan za ta iya kama ni, in ta kama yaya muninta, abin da aka ce in yi zai amfana, kuma me zai tare ni? A 1988 aka ƙara na biyar, wato ko mutum yana ganin zai iya. Kowace amsa a ba ta maki daga 1 zuwa 5. Sai a koma ɗaya ɓangaren a tambayi mutum kwana nawa ya yi tafiya ko aikin ƙarfi cikin kwanaki 7 da suka wuce, minti nawa kowace rana, a gwada da minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙaranci ga baligi. Wannan takarda ta biyu har da ta Hausa akwai, masu bincike a Jami'ar Maiduguri suka fassara suka gwada ta, aka buga a 2011. Daga nan sai a jera makin nan da mintocin can a ga ko tare suke hawa.

Amma shakkarka tana da tushe, kuma na gani da idona lokacin da nake shiga gidaje da irin waɗannan takardu. Na tambayi wata dattijuwa a Tudun Wada ko tana ganin hawan jini zai iya kama ta. Ta ce, "Allah ya tsare, 'yar nan, kada ki yi mini mugun baki." A takarda amsarta maki 1 ce, ma'ana ba ta ganin tana cikin haɗari ko kaɗan. Alhali matar nan ta rage gishiri da magi a miyarta tun da mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma duk wata sai ta je an gwada jininta. Ta fi ni sanin haɗarin. Abin da ta ƙi shi ne furta wa kanta sharri, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu duka. Wanda zai zauna a ofis ya haɗa alƙaluman sai ya rubuta cewa mutanenmu sun sallama wa ƙaddara ba sa kula da kansu. Wannan yana yi mini ciwo, domin ƙazafi ne ga mutanen da tun a makarantar allo suka ji cewa sai an ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Kalmar motsa jiki ma tana yaudararmu. Da an faɗe ta, abin da ke zuwa ran mutum shi ne matasa da gajeren wando suna gudu da sassafe a Samaru, ko 'yan ƙwallo. Matar da ta ja ruwa da guga, ta yi daka, ta yi wanki da shara kafin azahar za ta ce maka ita ba ta yi. Ɗan garuwan da ya wuni yana tura kura cike da jarkoki shi ma haka. Mai shago a kasuwar Sabon Gari kuwa, wanda babur ya kai shi ya dawo da shi, ya wuni kan benci, zai ce wahalar kasuwa ta ishe shi motsa jiki, saboda gajiyar da yake ji ta gaske ce. Sai dai zuciya ba gajiya take ƙirgawa ba. A 1953 likita Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas mai hawa biyu na Landan da kwandastocinsu masu hawa da saukar bene duk wuni, ya tarar ciwon zuciya ya fi yawa a wajen direbobin, ga shi mota ɗaya suke wuni. Kuma ko ba da niyyar ƙarya ba, baki yana ƙara gishiri. Da aka ɗaura wa Amurkawa na'urar auna motsi a ƙugu, binciken da ya fito a 2008 ya nuna ƙasa da kashi 5 cikin 100 na manyansu ne ke cika minti 30 a rana, ƙasa sosai da abin da suke faɗa. Mu nan ga lokaci ma: amsar manomi da damina daban take da amsarsa cikin azumi ko tsakiyar bazara.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi nauyi. Takarda ba ta tayar da kowa, gaskiyarka. Ziyara ɗaya ma ba ta iya gaya mana wanne ya riga wanne, ko yarda ce ta sa mutum tafiya, ko daɗin da ya ji a jikinsa bayan ya fara ne ya sa ya yarda. Amfaninta shi ne ta nuna mana inda muke ɓata ƙarfinmu. A 1984 Nancy Janz da Marshall Becker suka tattara bincike 46 da aka yi da wannan ma'auni, suka ga abin da ya fi yawan hasashen halin mutum shi ne shingen da yake gani a gabansa, fiye da tsoron munin cutar. Mu kuwa ma'aikatan lafiya tsoratarwa muka fi iyawa. Ni ma ranar nan yawancin lokacina a kan shanyewar ɓarin jiki na ƙarar, ga mutanen da kusan kowannensu ya taɓa jinyar mai ita.

Shingayen Zariya ka fi ni saninsu. Magidanci mai mota ya taka daga Ƙofar Doka zuwa gida, kafin ya isa mutum uku sun tsaya rage masa hanya, gobe a ce ko karayar arziki ce. Matar aure ta fita tattaki ba biki ba asibiti, surukai su tambayi ina ta nufa. Wanda ya rame a ce lafiya kuwa, wanda ya yi ƙiba a ce hutu ya karɓe shi. Ga titi babu gefen mai ƙafa, ga 'yan acaɓa da manyan motoci wajen Kwangila, ga ciwon gwiwa. In awo ya tabbatar kunya ce ta fi hana mata, to maganin yana harabar Islamiyya, su zagaya tare minti 20 kafin a fara karatu. In tsoron surutu ne ke hana maza, tafiya masallacin da ya ɗan fi nisa ba ta jawo wa kowa magana.

Tambayar hawan jinin nan na riga na sauya mata fasali. Yanzu cewa nake, "Cikin sa'anninki, mutum nawa kika sani da ke fama da shi?" sai hira ta buɗe. Saura da yawa har yanzu suna da ƙamshin fassara. Roƙona, Baba, ka ba ni izini in zo majalisarku wata Asabar bayan la'asar in karanta muku su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda Bazazzagi ba zai amsa da zuciya ɗaya ba ku gaya mini yadda ake faɗinta. Ta mata kuma zan kai wa su Hajiya cikin gida, in sun yarda.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

'Yarka,
ma'aikaciyar lafiya daga Tudun Wada, Zariya